Fitilar da Kaka Ta Je Gani

Labarin nan ya daɗe a kaina, har wani sashe nasa ya zube. Na manta wanda ya fara ba ni shi. Na manta shekarar. Sunan yaron ma ya tafi ya bar ni. Amma tsakiyar labarin tana nan daram. Ku matso, yara, in ba ku abin da ya rage.

Akwai wani yaro ɗan aji biyar. Yana zaune da Baba da Mama da ƙanwarsa Auta. Akwai kuma Kaka, mahaifiyar Baba.

Idanun Kaka sun daɗe da mutuwa. Ba ta ganin fuska, ba ta ganin hanya. Abu ɗaya ya rage mata. Tana iya bambanta haske da duhu. In aka kunna fitila a ɗaki, takan juya kanta wajen.

Yaron ne idonta. Duk inda za ta, kafaɗarsa take dafawa.

"Rami a gabanki, Kaka," yakan ce. "Ɗaga ƙafa, ga dutse."

Ita kuma maigidana take ce masa. Kullum sai ta tsokane shi.

"Maigidana, yau ma ba cefane?"

"Tsohuwa, ai na ce ki jira in gama makaranta."

"Kafin ka gama yunwa ta kashe ni," sai ta yi dariya.

Kaka tana da buri ɗaya. Mahaifinta ladan ne a tsohon masallacin babban birni. Shi ne kuma mai kunna fitilar masallacin. Fitila ce ta tagulla, mai rataye da sarƙa. Tun Kaka tana yarinya, ita ke riƙe masa kwalbar mai. Da aka kawo lantarki, sai aka sauke fitilar, aka kai ta gidan tarihi inda ake ajiye tsofaffin kayan ibada.

Aure ya kai Kaka nesa da birnin. Kowace shekara takan ce za ta je ta ga fitilar. Shekaru suka yi ta wucewa, har idon ya tafi.

"Ko ban gani ba, ina so in tsaya a gabanta," ta ce wa Baba. "Maigidana zai gane mini."

Baba ya sa ranar Asabar.

Yaron bai ji daɗi ba. A ranar ne ajinsu zai buga wasan ƙarshe bayan la'asar, kuma shi ne gola.

"Baba, wasana fa?"

"In mun gama da wuri, za ka same shi," Baba ya ce.

Suka tashi da sassafe a mota. Da suka isa birnin, suka fara da tsohon masallacin. Bangonsa yana da kauri. Hasumiyarsa ta ɗan karkace saboda tsufa. Cikinsa sanyi ƙalau, tattabaru suna ta kuka a saman ginshiƙai.

Kaka ta cire takalmi. Ta yi ta shafa bango da tafin hannunta.

"A nan Babana yake jingina tsani," ta ce. "A nan kuma nake zama da kwalba."

Ta ba da labari, ta gama, ta sake wani. Yaron yana ta leƙen rana ta ƙofa.

Daga nan Kaka ta ce a kai ta wani tsohon coci da ke ɗaya gefen dandalin masallacin.

"Kaka, ba fitila muka zo gani ba?" yaron ya ce.

"Mai buga ƙararrawar cocin nan abokin Babana ne. In manmu ya ƙare, ni ake aike wurinsa. In nasa ya ƙare, ɗansa yakan zo wurinmu. Zan wuce ban shiga ba?"

Wata dattijuwa mai kula da wurin ta yi musu maraba. Tagogin cocin dogaye ne, na gilashi mai launi. Kaka ta ɗaga kai.

"Ina ganin haske. Wane launi ne?"

"Ja," yaron ya ce, bai ko duba ba.

"Da shuɗi da kore," Auta ta ƙara. "Har da hoton tumaki."

Akwai babban agogo a jikin hasumiyar cocin. Da suka fito, yaron ya kalle shi. Rana ta riga ta raba tsaka.

A ƙofar gidan tarihin Baba ya tsaya.

"Ku shiga da Inna. Zan je in sayo mata maganinta kafin a rufe kanti. Auta, riƙe wayata, ki ɗauki hoto."

Suka shiga. Ɗakunan ƙasa cike suke da akwatunan gilashi. Akwai littattafai rubutun hannu masu adon zinariya. Akwai tsofaffin alluna da dardumai da carbi. Akwai gicciye na azurfa da wata ƙararrawa da ta tsage. Yaron bai tsaya ko ɗaya ba. Ya tambayi wani ma'aikaci inda fitilu suke.

"Bene na sama, ɗaki na ƙarshe," mutumin ya ce. "Sai dai na'urar hawa ta lalace. Sai ku bi matakala."

Yaron ya dubi matakalar. Doguwa ce, mai lanƙwasa. Ga 'yan wata makaranta sun cika ta maƙil. Ya san tafiyar Kaka. Taku ɗaya, sai ta huta. Kafin su hau su sauko, an busa usur an tashi wasa.

Sai ya hango wata siririyar hanya a bayan matakalar. A ƙarshenta akwai ƙofar banɗaki. A saman ƙofar akwai ƙwan lantarki a cikin farin gilashi, yana ci.

Wani tunani ya zo masa. Ya san ba mai kyau ba ne. Amma bai kore shi ba.

"Zo mu je, Kaka. Ta nan ne."

Ya ja ta har ƙarshen hanyar. Ya tsayar da ita a ƙarƙashin ƙwan.

"Ga ta nan. Ɗaga kanki."

Kaka ta ɗaga kai.

"Ina ganin haske," ta ce a hankali. "Ashe har yanzu suna kunna ta?"

"E, suna kunna ta."

"Yaya, ai wannan..." Auta ta fara.

Yaron ya taka mata ƙafa, ya zare mata ido.

Kaka ta sunkuya da ƙyar, ta cire takalmanta. Ta tsaya ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima. Ta ɗaga hannu biyu.

"Baba, ga ni na zo," ta ce. "Na makara, amma na zo."

Ta yi wa mahaifinta addu'a. Hawaye yana bin kumatunta. Wani mutum ya fito daga banɗakin yana yarfe hannu. Ya dube su, ya dubi ƙwan, ya kewaye su ya wuce. Yaron ya sunkuyar da kai.

Da Kaka ta shafa, sai ta jawo shi jikinta.

"Auta, ɗauke mu hoto ni da maigidana. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yau ka cika mini burina."

Yaron ya samu wasansa. Ko sun ci ko an ci su, wannan ma na manta. Ina jin shi kansa bai daɗe yana tunawa ba.

Abin da bai manta ba shi ne kwanakin da suka biyo baya. Duk wanda ya shigo gidan, sai Kaka ta ba shi labari.

"Har yanzu tana ci. Da idona na ga haskenta."

In an kawo abinci, sai ta laluba ta tsamo naman kwanonta, ta miƙa wa yaron. Yakan karɓa, amma sai ya ajiye naman bai ci ba. Auta kuwa sai ta zuba masa ido.

Ran nan Kawu ya zo ziyara. Ƙanen Kaka ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsoho ne mai son gardama. Aka zauna a falo, har da maƙwabta biyu da suka shigo gaishe shi.

Kaka ta fara labarin fitila. Kawu ya girgiza kai.

"Yaya, ba a kunna fitilar nan. Bara na je. Tana cikin akwatin gilashi, ko lagwani babu."

"To bana sun sa mata," Kaka ta ce.

"Wa zai kunna wuta a gidan tarihi? Kuma da wace ƙafa kika hau benen nan? Ni sai da na huta a hanya."

"Wane bene? A ƙasa take."

"A sama take, Yaya."

Kaka ta gyara zama. Ranta ya soma ɓaci.

"Tun kana yawo ba wando kake musu da ni. Maigidana ne ya kai ni, kuma ba ya yi mini ƙarya. Auta, kawo wayar Babanki ki nuna masa hoton."

Auta ta dubi yayanta. Ta tashi jiki a sanyaye, ta kawo wayar.

Kawu ya sa tabarau, ya duba. Ga Kaka tsaye ba takalmi, fuskarta jiƙe da hawaye. Ga ƙwan lantarki a sama. Ga ƙofa a bayanta, da alamar banɗaki ɓaro-ɓaro.

Kawu ya cire tabarau. Ya miƙa wa Baba. Baba ya duba, ya miƙa wa Mama. Maƙwabtan suka leƙa, suka kawar da kai.

"Ka gani ko?" Kaka ta ce. "Yanzu sai ka yi musu."

Ba wanda ya amsa.

"Me ya sa kuka yi shiru?"

Baba ya dubi yaron. "Kai za ka gaya mata. Ba ni ba."

Yaron ya matso kusa da Kaka.

"Kaka, ba fitilar ba ce," ya ce. "Ƙwan lantarki ne. Ban kai ki sama ba. Ina sauri ne in samu wasa."

"A ina ka tsayar da ni?"

Yaron ya dubi Baba.

"Na ce a ina?"

"A ƙofar banɗaki."

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta laluba ta ɗauki mayafinta.

"Auta, zo ki kai ni ɗaki."

Da baƙin suka tafi, Baba ya kira shi.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na yi ƙarya, Baba."

"Ƙarya iri-iri ce. In ka yi mini, ina da ido, zan iya dubawa. Ita da me za ta duba? Ba kai ba ƙwallo, sai ranar da Inna ta tsaya a gaban fitilar nan."

Yaron ya je ƙofar Kaka ya durƙusa.

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Ba komai, yaro," ta ce. "Je ka."

Yaro ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka ba.

Daga ranar Kaka ta sauya. Ta daina fita. Ta daina tsokana. In yaron ya miƙa mata magani, sai ta kira Mama.

"Duba mini, wannan nawa ne?"

In ya ce rana ta faɗi, sai ta tambayi Auta ko haka ne. Har Baba ma, in ya gaya mata abu, takan sake tambayar wani.

"Mama, har yanzu fushi take yi da ni?" yaron ya tambaya a kicin.

"Da fushi ne, da da sauƙi," Mama ta ce. "Tsoro take ji. Yanzu ba ta san maganar da za ta yarda da ita ba."

Baba ya ce za su koma birnin. Kaka ta ƙi.

"Me zan je in yi? Ko a gaban bango aka tsayar da ni, ban sani ba. A bar ni."

A makaranta malamar ajinsu ta lura ya rame, kuma ba ya fita wasa. Da aka tashi tara, ta tsayar da shi. Ya gaya mata komai, bai rage ba.

"Ka ba ta haƙuri?"

"Na ba ta, Malama. Ta ce ba komai."

"To, me ta ce ka yi mata tun farko?"

"In gane mata fitilar."

"Ka gane mata?"

"A'a."

"Ashe har yanzu aiken yana kanka," Malama ta ce.

Yaron ya kwana da maganar. Da safe ya roƙi Baba ya kai shi birnin, ko da Kaka ba za ta ba. Baba ya dube shi, ya ce to.

A wannan karon ya hau matakalar har sama. Ya bi ɗaki bayan ɗaki, har na ƙarshe. Fitilar tana can a lungu, rataye cikin akwatin gilashi. Ya tsaya a gabanta. Ya zagaya ta baya. Ya durƙusa ya leƙa ƙasanta. Ya daɗe har Baba ya gaji ya nemi benci.

Da suka dawo, ya tarar Kaka tana kwance, ta juya fuska ga bango. Ya zauna a bakin ƙofa.

"Kaka, na je na ga fitilar."

Ya ci gaba da magana.

"Ba ta da girma kamar yadda kike faɗa. Ba ta fi tulun shayi ba. Kuma ba ta ƙyalli. Ta yi baƙi, wani wurin ma ya yi kore. An yi mata ƙananan huda kamar taurari. Akwai rubutu a wuyanta, amma ya goge, ban iya karantawa ba."

Kaka ba ta juyo ba. Amma ya ga ta janye mayafi daga kunnenta.

"Gaskiya, Kaka, akwai waɗanda suka fi ta kyau a ɗakin. Sarƙoƙinta ma ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya ta tsinke a tsakiya. An haɗa ta da wani ƙarfe mai kauri, an lanƙwasa shi. Bai dace da ita ba ko kaɗan."

Kaka ta tashi zaune.

"Ƙarfen nan, fari ne ko ja?"

"Fari ne, amma ya yi tsatsa. Kamar mariƙin bokiti."

Kaka ta sa hannu ta rufe bakinta. Kafaɗunta suka soma rawa. Yaron ya ɗauka kuka take yi. Ashe dariya ce, da kuka a ciki.

"Mariƙin bokitin ne," ta ce. "Bokitin Innata. Sarƙar ta tsinke ana gab da magariba, Babana ya rasa abin yi. Ya shigo gida ya cire mariƙin sabon bokitinta. Ta yi mako ba ta yi masa magana ba. A ka muka riƙa ɗaukar bokitin nan har ya huje. Ban taɓa ba kowa labarin ba. Kawunku ma yana goye a lokacin."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Ka je, kuma ka duba. Na yarda."

Asabar ta gaba suka koma su duka. Na'urar hawa ba ta gyaru ba. Kaka ta tsaya a gindin matakala, ta miƙa hannu. Yaron ya matso da kafaɗarsa.

"Doguwa ce, Kaka. Ba zan ɓoye miki ba. Za ki gaji."

"Mu je."

Suka hau a hankali. Taku ɗaya, su huta. In ta ce, "Mun kusa?" sai ya ce, "A'a, da saura." Gwiwoyinta suka yi ta ƙara. Sau da yawa ta zauna a kan matakalar, mutane suna raɓawa suna wucewa. Yaron bai dubi agogo ba.

A ƙarshe suka isa. Ya tsayar da ita a gaban akwatin. Ya ɗauki hannunta ya ɗora a kan gilashin.

"Tana daidai goshinki."

Kaka ta buɗe ido sosai.

"Duhu nake gani."

"E, Kaka. Ba a kunna ta."

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Wannan duhun ya fi mini wancan hasken."

Ta yi wa mahaifinta addu'a, ta yi wa mahaifiyarta. Ta yi wa mai buga ƙararrawa fatan alheri. Sannan ta ce a zagaya da ita ɗakin. Yaron ya yi ta gaya mata abin da ke kowane akwati. Wanda ya sani ya faɗa. Wanda bai sani ba ya ce, "Ban sani ba, bari in tambaya." Auta tana gefe tana ƙara launukan da ya tsallake.

A mota Kaka ta yi ta ba su labari har suka iso gida. Baba ya bar yaron ya koma buga ƙwallonsa. Washegari yaron ya miƙa wa Kaka magani, ta karɓa ta sha, ba ta kira kowa ba.

Yara, darasin a fili yake. Wanda ya dogara da kai, kada ka yi masa ƙarya, ko da ba zai taɓa ganewa ba. Gaskiya ko ba ta da daɗi, ita ce ke sa a yarda da mutum. In kuma ka ɓata, kada ka tsaya ga ban haƙuri kawai. Ka koma ka yi abin da ya kamata ka yi tun farko.

Daga baya na je gidan tarihin da kaina, don ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Na hau benen ina haki. Fitilar tana nan a ɗaki na ƙarshe, ba a kunna ta. Na sa tabarau na duba sarƙar da kyau. Mariƙin bokiti ne.